Taga mai ciki

Kalma ukku ke yawo a gidanmu na Tawa a kan abu guda. Inna tana cewa taga. Yayana, wanda ya shekara shidda yana ci-rani a Abijan, finetir yake cewa. Kawunmu mai kai albasa Sakkwato ta Ƙonni kuwa wundo ya sani. Ƙamus zai ce ma'anarsu ɗaya: ta farko daga Larabci muka aro ta, ta biyu daga Faransanci, ta ukku daga Ingilishi. Amma a bakin mutanen Adar ba ɗaya ba ne. Taga ƴar kafa ce can sama kusa da rufi, wadda kyanwa ma sai ta matse za ta wuce. Finetir kuwa tana da ƙarfe da gilashi, kuma ana biyan kuɗi kafin a same ta. A ajinmu na kimiyyar harshe a Jami'ar Abdu Mumuni, a Yamai, na ji cewa asalin wundo a tsohon harshen mutanen arewacin Turai "idon iska" take nufi. Wannan ya fi kama da tagar Inna.

Bara Yaya ya turo hoto ta waya. Wata irin taga ce mai fuska ukku da ke turo kai waje daga jikin bango, har mutum ya zauna cikinta. Ya ce ita yake so a sa a ɗakin Inna, ta bakin hanya, don idonta ya fara rauni kuma ɗakin duhu gare shi. Gaskiya ne. Amma mun san akwai wani dalili: kowa ya bi layinmu ya ga ɗan gidan nan bai tafi banza ba. Ban ga laifinsa ba. A ƙasar da kusan kowane gida ke da ɗa a Kwaddibuwa ko Libiya, bango shi ke ba da labarin mai tafiya.

Da na nuna ma tsohon maginin unguwarmu hoton, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ɗiyata, wagga taga ai ciki gare ta." Sunan ya bi ta ke nan.

Bayaninsa ya fi min lacca da yawa. Bangon laka da kaurinsa yake tsayuwa, da kaurin nan kuma yake tare zafin rana har dare ya yi. In ka huda shi da faɗi, nauyin rufi sai ya nemi inda zai sauka, don haka dole a zuba linto na ƙarfe da siminti, a ba cikin nan tushe nasa daban. Siminti kuma ba ya riƙe laka da amana. Wurin da suka haɗu nan ne ake samun tsaga, ruwa ya shiga a ɓoye. Ga shi bakin hanyarmu gabas yake kallo, daga gabas kuwa hadari ke taso mana. Sai batun gilashi: a Ingila an yi irin wannan taga don a kamo rana ta fuska ukku. Mu a watan Afirilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, wa ke neman rana? Ya ce in je Yama in duba masallacin laka da Falke Barmu ya soma ginawa a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986, in ga ko rashin wayo ne ya sa kafofinsa suke ƙanana.

Inna ce ta yanke magana. Ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne. Ta ce, "Ku hwaɗa ma wancan na Abijan, ni ba kayan shago na ba, da za a aza ni cikin gilashi masu wucewa su gani."

Sati biyu Yaya bai kira ba. Da ya kira, ni ya ɗora ma laifi, wai boko ya sa na kitsa musu. Daga baya ya turo kuɗin.

An yi tagar a bangon arewa, tana kallon tsakar gida. Cikin bai kai na hoton ba. Mai walda ya yi mata ganyayen ƙarfe masu ɗagawa a gefe biyu, gilashi a tsakiya kawai, aka ɗora mata ƴar rumfar kwano. Ta ga damina ɗaya, ba ta yi yoyo ba tukuna, ko da yake magini ya ce sai ta ga ukku zai yarda da ita. Da hunturu Inna na toshe ganyayen da tsumma saboda ƙura. Nan take zama da hantsi tana tsintar shinkafa, kuma har yau in za ta aike ni wurin, "alkuki" take cewa.