Ɗan Sanda Mai Tsohuwar Riga

Cikin wasannin talabijin na binciken kisan kai, ba safai ake samun irin Kolumbo ba. An fara shi a Amurka a 1968, aka rufe a 2003. Peter Falk ne ya fito a matsayin ɗan sandan ciki na birnin Los Anjalis. A yawancin wasanni akan ɓoye mai laifi sai a ƙarshe, amma a wannan mai kallo yakan ga kisan tun farko. Abin da ya rage shi ne ya ga yadda asiri zai tonu.

Masu kisan manyan mutane ne, likitoci da attajirai da mawallafa. Kolumbo kuwa ga yamutsattsiyar rigar ruwa, ga tsohuwar mota Peugeot 403, ba ya kuma son riƙe bindiga. Sukan raina shi, su saki baki, har maganarsu ta kama su.

A wani kashi na 1973, mai sana'ar ruwan inabi ya buge ɗan'uwansa da suke uba ɗaya, domin yana shirin sayar da gonar. Ya kulle shi a ɗakin ajiya, ya kashe na'urar sanyi, ya yi tafiya. Kafin ya dawo zafi ya lalatar da inabin da ya tara shekara da shekaru. Abin da ya zub da jini dominsa, da hannunsa ya ɓata shi.

Kashin da ya fi taɓa masu bi shi ne na 1974, inda Johnny Cash ya fito a matsayin mawaƙin bishara. Matarsa ta riƙe asirin wani zunubinsa, tana kwashe kuɗinsa don gina babbar majami'a. Maimakon ya tuba a fili, sai ya sa maganin barci a abin shanta da na yarinyar da ya lalata, ya yi tsalle da laima daga ƙaramin jirgin sama, ya bar su suka faɗi. Bakin da yake yabon Ubangiji gaban dubbai, shi ne yake yi wa ɗan sanda ƙarya. Da dare ya koma dauko laimar inda ya ɓoye ta, sai ga Kolumbo yana jira. Bai zage shi ba, bai yi murna ba, ya dai saurare shi har ya furta cewa abin ya daɗe yana damunsa.

Haka Annabi Natan ya je wurin Sarki Dawuda bayan mutuwar Uriya. Ya ba shi labari cikin natsuwa, har sarki ya yanke wa kansa hukunci. Dattawan ikkilisiya da suke zaman horo suna da abin koyo a nan. Kada su rufe laifi domin mai shi babba ne, kada kuma su ƙi shi bayan ya fāɗi. A faɗa masa gaskiya, a bar masa ƙofar tuba a buɗe.