Kafin A Ce A Yi Fomat

Akwai wata kalma da ta fi kowace kalma yawo a bakin masu gyaran kwamfuta a yankinmu, tun daga Kabo da Garo har zuwa Gwarzo da Getso, ita ce fomat. Na'ura ta yi nauyi, a yi fomat. Ta ƙi shiga intanet, a yi fomat. Tana mutuwa da kanta ana cikin aiki, a yi fomat. Abin da ake nufi shi ne a goge duk abin da ke cikin faifan ajiyarta, a sake zuba mata babbar manhaja daga farko. Ba na ganin laifin masu gyaran sosai. Wanda ya ɗauko kwamfutar tebur a mota daga Gwarzo, ya ratsa Rimin Gado da Janguza da Kabuga, tafiyar kimanin kilomita 70, so yake ya koma da ita tana aiki kafin magariba, ba lacca ya zo saurare ba. Fomat kuwa awa ɗaya ce, kuma sau da yawa takan yi kama da magani na mako biyu ko uku.

Sai dai abin da ke cikin waɗannan na'urori ba fim da waƙoƙi kaɗai ba ne. Akwai sakamakon jarrabawar ɗalibai na shekara uku, akwai jerin sunayen 'yan ƙungiyar manoma da abin da ake bin kowa na taki, akwai babi huɗu na kundin digirin wani malamin firamare da ba shi da kwafi a ko'ina. Kuma ban da waɗannan, akwai wani abu da ake gogewa ba tare da an san yana nan ba, wato bayanin da na'urar ta rubuta da kanta game da abin da ke damunta.

Na daɗe ina kula da wasu tsofaffin kwamfutoci a tsakanin waɗannan ƙananan hukumomi biyu: na wata makaranta mai zaman kanta, da shagunan buga takardu guda biyu, da ofishin wata ƙungiya. Kusan dukkansu na gwanjo ne, Dell OptiPlex da HP ƙirar wajejen 2012 zuwa 2014, irin waɗanda ake samu a titin Beirut a Kano. Yawancinsu Linux Mint ke kansu, kuma ba don wata aƙida ba. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina bai wa Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum, shi kuma Windows 11 yana buƙatar wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesa na baya-bayan nan, abin da waɗannan na'urori ba su cika ba. Ƙarfensu lafiya lau yake. Na'urar da ke da ram gigabait 4 tana ɗaukar Mint ta buga wasiƙa, ta yi lissafi, ta shiga intanet. To, me zai sa a jefar da ita?

Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya gaji wata ɗabi'a daga tsohon tsarin Unix, ta rubuta kusan duk abin da ya faru. Daga sa'ar da aka danna makunni, na'urar tana ajiye kundi: na ga faifai kaza, na gane firinta kaza, zafina ya kai kaza, manhaja kaza ta faɗi da ƙarfe kaza da minti kaza. Umarnin journalctl yana buɗe wannan kundi, dmesg kuma yana nuna abin da zuciyar tsarin ta ce game da ƙarfen kansa. Adalci ne a faɗi cewa Windows ma yana da nasa kundin. Bambancin shi ne a duniyar Linux duk wanda ka nemi taimakonsa, tambayarsa ta farko ita ce me kundin ya ce, kuma sannu a hankali tambayar takan zama taka.

Bari mu ɗauki abin da ya fi tsorata mutane. An ɗauke wuta ana cikin aiki, da aka kawo aka kunna, sai baƙin allo da fararen rubutu, da wata kalma a ƙarshe, initramfs, tana jira. A idon mai shago, na'ura ta mutu. Alhali in ya daure ya karanta layuka biyar na sama, zai ga tana cewa ne ta tarar da hargitsi a tsarin fayilolin wani sashe na faifai, ta ma ambaci sunan sashen, misali /dev/sda2, tana roƙon a gudanar da fsck a kansa da hannu. Tsarin ext4 yakan gyara irin wannan da kansa mafi yawan lokaci. In ya tsaya ya tambaya, to yana gudun ya yanke hukunci a kan bayanan mutum ba da izininsa ba. Minti biyar ne aikin. Sau da dama na yi shi ta waya, ina faɗar haruffa ɗaya bayan ɗaya, yaron shago yana bugawa yana cewa, «Malam, ta ce y ko n.» Amma in abin ya maimaita kansa ba tare da an ɗauke wuta ba, sai a daina murna. Faifan ajiya yana da nasa lissafin da ake kira SMART, inda yake ƙirga gurabun da suka lalace ya kauce musu, kuma manhajar Disks da ke zuwa tare da Mint tana nuna shi. In adadin yana ƙaruwa, ba gyara ake fara yi ba, kwashe bayanai ake yi zuwa wani wuri a ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya fi koya mini wani abu kuwa, shi ne na wani shago da ke kusa da tasha. Kwamfutar tana mutuwa ta sake tashi da kanta, wani lokaci sau uku a wuni, wani lokaci ta yi kwana biyu lafiya. An riga an yi mata fomat sau biyu kafin a kira ni, kuma a karo na biyu ne aka rasa fayilolin katunan biki da mai shagon ya shekara yana tarawa. Na buɗe kundin tashin da ya gabata da umarnin journalctl -b -1, na gangara ƙarshe, sai na ga babu komai. Babu kuka, babu gargaɗi. Layi na ƙarshe magana ce ta yau da kullum, daga nan rubutu ya yanke kamar wanda aka fizge wa alƙalami.

Wannan shirun ne amsar. In manhaja ce ta faɗi, yawanci takan bar alama. In an kashe na'ura yadda ya kamata, za ka ga jerin ayyuka suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. In zafi ne, sau da yawa akwai gargaɗi kafin mutuwar. Amma kundin da ya yanke tsakiyar magana yana nuna wa mai bincike hanyar wuta: ko akwatin wutar da ke cikin na'urar, ko abin da ke shigo masa daga bango. Na rubuta lokutan da abin ya faru a takarda, na tambayi mai shagon, «Alhaji, me ake yi a shagon nan a waɗannan lokuta?» Ya yi tunani, ya ce ai lokacin da aka ɗauke wuta ne ake kan janareta. Na ce a tayar da shi. Muka zauna. Da yaro ya danna injin fotokwafi, sai kwan fitilar da ke sama ya dushe, kwamfuta ta mutu a gabanmu. Injin fotokwafi da firintar leza suna da wani sashe da ke yin zafi don narkar da hodar tawada a kan takarda, kuma a daidai lokacin da yake ɗaukar zafin yakan ja wat ɗaruruwa a tashi ɗaya. Ƙaramin janareta ya durƙusa na ƙiftawar ido, tsohon akwatin wutar kwamfuta ya kasa riƙewa. Da za a yi wa wannan na'ura fomat sau ɗari, babu abin da zai sauya. Ƙaramin UPS aka saya mata, aka kuma cire fotokwafi daga kansa, domin shi ma ba zai iya ɗaukarsa ba.

A ganina, mafi yawan abin da muke kira matsalar kwamfuta a yammacin Kano, matsalar wuta ce da ƙura da zafi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika na'ura da ƙura mai laushi kamar gari, ta toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke kan furosesa. Babu wanda zai lura, saboda gari da sanyi. Sai bazara ta kama a Maris da Afrilu, zafi ya haura digiri 40 a inuwa, a shagon da rufinsa kwano ne, sannan na'ura ta fara rarrafe. Furosesa yana rage gudu da gangan in ya kusa digiri 100 don kada ya ƙone, kuma umarnin sensors yana nuna zafin a take. Maganin bulowa ne da sabon man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfensa, a riƙe fankar da yatsa yayin hurawa don kada ta yi gudun da ya wuce ƙima. Ram ma haka, ƙura takan shiga tsakaninsa da mazauninsa, na'ura ta yi ta ƙara ba hoto. A cire, a goge haƙoransa da kilina ta ɗalibai, a mayar. In ana shakka, Memtest86+ zai kwana yana gwada shi.

Akwai kuma wani ɗan abu mai faɗin kwabo da ya taɓa hana wata makaranta aiki kwana huɗu. Shugabar makarantar ta kira ni ta ce intanet ya lalace: waya tana shiga kowane shafi, amma kwamfuta da aka jona da wayar tana cewa shafukan ba su da aminci, sabunta manhaja ma ya ƙi. An sauya layin waya, an sayi data sau biyu. Na ce, «Malama, duba ƙasan allo ta dama, wace rana ta rubuta?» Ranar ta koma baya da watanni masu yawa. Kowane shafi mai tsaro yana gabatar da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, wasu na kwana 90 ne kacal. Na'urar da ke zaton tana bara, in ta ga takardar da aka bayar watan jiya, sai ta ɗauka ta jabu ce. Agogon cikin kwamfuta batir ne ke riƙe shi in babu wuta, CR2032 mai bolt 3, wanda mai gyaran agogo a kasuwa yake sayarwa. Linux yakan daidaita agogonsa ta intanet, amma wani ya taɓa kashe wannan don ya saita lokaci da hannu, ya bar shi a kashe. Abin dariya, na'urar ta yi watanni tana faɗa. Kullum da safe takan tsaya ta ce ba a saita lokaci ba, a danna F1 a ci gaba, kuma kowa ya saba dannawa kamar amsa sallama.

In an rasa gane ko ƙarfe ne ko manhaja, filashi ɗaya ya isa alƙali. Ana iya tayar da Linux kai tsaye daga filashi ba tare da an taɓa faifan ajiya ba. In ciwon ya biyo ta can, to a jikin na'ura yake. In ya ɓace, manhajar da ke kan faifai ce. Kuma ta wannan hanya ake kwashe fayilolin na'urar da ta ƙi tashi, ko da Windows ke kanta. Duk mai gyaran da ke da irin wannan filashi a aljihu ba shi da hujjar goge kundin digirin kowa.

Ba zan ce Linux ya dace da kowane tebur ba. Shagon da abincinsa CorelDRAW ne ba zai samu wannan manhaja a Linux ba, kuma gaya wa wanda ya shekara goma a kanta ya koma Inkscape cikin mako guda rashin sanin darajar sana'a ne. Manhajojin rajistar jarrabawa da ɗaukar zanen yatsa da na ci karo da su, yawancinsu don Windows aka rubuta su, shi ya sa a makarantar nan muka bar na'ura ɗaya a kansa. Wasu firintoci masu araha ba sa magana da Linux sai da wahala, yayin da yawancin na HP ke aiki ta manhajar HPLIP, saboda haka a bincika kafin a saya. Wasiƙar da aka tsara a Word takan ɗan goce a LibreOffice in salon haruffan da aka yi amfani da shi babu a na'urar. A ɗaya ɓangaren, tsarin madannai na Hausa yana cikin Linux tun daga zubawa, mai ɓ da ɗ da ƙ, sai dai kawai a zaɓe shi.

Babban cikas a wurina shi ne harshe. Kundin nan da Turanci yake, kuma Turancin injiniyoyi, ga shi dubban layuka. Yaron da ya gama sakandare a Kabo zai iya ganin kalma mai ja ya firgita, alhali da yawa daga cikin jajayen layukan gunaguni ne marar illa da na'urar ta saba yi tun ranar farko. Abin da nake koya wa yaran shagunan nan bai wuce abu uku ba: su duba layuka ashirin na ƙarshe kafin matsalar, su rubuta ƙarfe nawa ta faru, su ɗauki hoton allo da waya kafin su taɓa komai. Ɗaya daga cikinsu yanzu yana da littafin makaranta mai shafi 40 da yake rubuta saƙon Turanci a hagu, abin da ya gano yana nufi da Hausa a dama. Da na duba shi a ƙarshen damina ya kusa cika, kuma shafi uku cur a kan firinta ne.