Daga Kano Zuwa Yola: Hanyar Da Baƙo Ba Ya Kwana Da Yunwa

Wanda ya tashi daga Kano da asuba, ya nufi Yola a mota, yana da tafiyar fiye da kilomita 600 a gabansa. In an yi gamon katar, ya biyo ta Bauchi da Gombe, ya iske magariba a bakin Binuwai. In kuwa mota ta yi gardama, to, a nan ne zai san irin mutanen da ke zaune a gefen hanya.

Daga Gombe hanya takan gangara kudu, ta ratsa Kumo da Billiri da Kaltungo, inda duwatsu suke tsaitsaye dama da hagu. Direbobin da suka daɗe a wannan layi sun san al'adar wurin. Mota ba ta daɗe da tsayawa ba sai ka ga yaro da kwanon ruwa, wani ya tafi kiran makanike a kan babur, wani dattijo kuma ya ce a jawo tabarma zuwa inuwa. Ba a tambayar matafiyi addininsa kafin a ba shi ruwa, ko da yake masallaci da coci suna kallon juna a yawancin garuruwan nan. Gaba kaɗan sai gonakin rake na kamfanin sukari, sai Numan, ƙasar Bachama, inda kogin Gongola yake zuba cikin Binuwai. Daga nan Ngurore, sai Jimeta.

Baƙo yakan ɗauka Jimeta ita ce Yola, alhali gari biyu ne. Jimeta ce mai tasha da kasuwa da ofisoshi, Hausa ce harshen cinikinta. Yola ta ainihi tana kudu da ita, can ne Modibbo Adama ya kafa hedkwatarsa a 1841, can ne fadar Lamido da tsofaffin unguwanni irin su Makama. A nan gaisuwar "jaɓɓama" ce take tarbar mai sallama, watau maraba da Fulatanci. Tun zamanin da fataken Kano suke zuwa sayen hauren giwa, zaurukan garin suka saba da masu kwana ɗaya da masu wata guda.

Sai dai ba kowane baƙo ne ya ji daɗin Yola ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya haye Binuwai ran 18 ga Yuni 1851, ya shiga garin bayan kwana biyu. Lamido Lawal bai yarda da shi ba, domin daga Kukawa ya fito da rakiyar mutanen Shehun Borno, ga kuma jayayyar iyaka tsakanin ƙasashen biyu. Kwana huɗu kacal aka sallame shi, yana fama da zazzaɓi. Hukuncin fada ke nan, kuma fada tana da dalilanta.

Hukuncin talaka kuwa an gan shi a 2014. A ƙarshen Oktoba na wannan shekara 'yan Boko Haram suka kama Mubi, bayan Madagali da Michika sun riga sun faɗa hannunsu. Jama'a suka kwararo ta Hong da Gombi da Song, wasu a bayan manyan motoci, wasu a ƙasa ta cikin daji, mata da goyo, tsofaffi a kan baro. Gwamnati ta buɗe sansani a Damare da Malkohi, amma mafi yawan mutanen ba su kwana a sansani ba. Gidajen jama'a suka shiga, a Jimeta da Yola da Girei. Magidancin da tukunyarsa ba ta isar iyalinsa sai ga shi da ƙarin bakuna goma ko ashirin, waɗansu ma bai taɓa ganinsu ba. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. Waɗannan kam sun yi watanni, hatsi ya ƙare a rumbu, ba a kuwa kore su ba.

Malamai da fastoci na ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa, tare da Jami'ar Amurka da ke Yola, suka riƙa rabon masara da shinkafa a masallatai da coci-coci. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar majami'ar Saint Theresa ta Jimeta, dubban mutane suka fake a ciki. Waɗanda ba su sami halin komawa gida ba, aka gina musu gidaje 86 a Sangere Marghi, a 2021. Da yake akwai Musulmi a cikinsu, cocin ya haɗa musu da masallaci.