Yadi Goma na Shadda

Ɗalibanmu da suka gama a shekarar 2019 za su tuna da farar babbar rigar da aka sa wa tsohon shugaban makarantarmu ranar da muka yi masa sallama. Kowa ya yaba. Abin da ba a sani ba shi ne, saura ƙiris mu malamai mu sha kunya a kan rigar nan. Tun da abin ya kwana biyu, mun ga ya kamata mu ba da labarin.

Kuɗin karo-karo ne. Malamai suka ba da nasu, kowane aji kuma ya kawo abin da ya iya, har da yaran da suka haƙura da kuɗin tara. Mu uku aka ɗora wa sayen yadi da neman maɗinki, saura mako 6 a yi biki. Mu kuwa alli da allo muka sani. Akwai wani mai yawo da yadi a bayan babur, wanda yakan zo mana ƙarshen wata. Ya buɗe mana wata shadda mai ƙyalli kamar madubi, ya rantse Gezna ce, kuma kuɗinta bai kai rabin abin da muka ji ana faɗa ba. Muka biya yadi 10 nan take, muna murna mun rage wa kwamiti kuɗi. Mun manta cewa araha ba ta ado.

Aka kwatanta mana wani dattijo a cikin garin Ungogo, mai ɗinkin hannu a zaurensa. Bayan mun gaisa, ya warware shaddar, bai ce kome ba. Ya sa aka kawo ruwa a moɗa, ya tsoma bakin yadin, ya murza tsakanin yatsunsa. Ruwan ya yi fari-fari kamar an dama koko, wurin da ya jiƙe kuwa ya yi laƙwas, ƙyallin ya tafi.

"Malamai, wa ya sayar muku da wannan?"

Muka ce, "Baba, ai Gezna ce."

Ya ce, "Sunan dai na Gezna ne. In na zuba mata aikin wata guda, wanki biyu za ta zama tsumma, ni kuma a ce ban iya ba. Ba zan ɗinka ba."

Jikinmu ya yi sanyi, gama kuɗin yara ne. A hanyar komawa muka yanke shawara mu uku za mu cike giɓin daga albashinmu, ba tare da kowa ya ji ba.

Amma kafin mu tashi, dattijon ya karantar da mu, mu da muke karantar da wasu. Ya ce furen shadda ba bugawa ake yi ba kamar na atamfa, a cikin saƙar yake, saboda haka in an juya bayanta za a gan shi. Ta ƙwarai da audugar da ke da dogon gashi ake yin ta, zaren siriri, saƙar a matse, shi ya sa ƙyallinta ba ya bin ruwa. Ta banza kuwa sitaci da ƙaro ake cika mata don su rufe ramukan saƙa. A ɗaga ta a rana, a jiƙa gefe, a murza, a ji nauyinta a hannu. Suna da hatimi, in ji shi, kowa yana iya bugawa.

Malamin labarin ƙasa ne ya nuna mana daga baya a taswira inda Geznar gaske take fitowa: garin Bludenz a ƙasar Ostiriya, cikin duwatsu masu ƙanƙara, inda kamfanin Getzner ya kafu tun 1818. Mutanen da ba su taɓa sa babbar riga ba su ke saƙa mana ta. Abin ya ɗan sosa mana rai. A 1851, da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano, ya tarar tufar da aka saƙa aka rina a ƙasar nan tana kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Maƙwabtanmu na Minjibir an san su da saƙa, Kura da turkuɗi, Ƙofar Mata da karofi. Kakannin yaran da ke ajinmu sun shuka auduga a gonakin nan, mata suka kaɗa zare, masaƙa suka fitar da fari da saƙi ƙwarya-ƙwarya, aka harhaɗa aka yi riga. Yau ko masaƙar zamani ta UNTL da ke Kaduna, wadda ta rufe a 2007, ɗalibai da yawa ba su taɓa jin sunanta ba.

Ran Asabar dattijon ya haɗa mu da ɗansa, muka shiga Kantin Kwari. Wanda bai saba ba kansa sai ya juya, gama shadda iri-iri ce a jibge har rufi, ta Turai da ta Sin, kowace da darajarta. Ba mu ga laifin mai araha ba in an faɗi gaskiyar abin da take. Talaka ma yana son ya yi ado ran salla ko Kirsimeti. Yaron ya kai mu wurin wanda mahaifinsa ya amince da shi, ya gwada yadin a gabanmu, muka biya.

Sai maganar aiki. Mu aska takwas muke so, domin mun ji ita ce ta manya. Dattijon ya yi dariya, ya ce aska takwas ta hannu watanni take ci, sai dai in keke za mu kai wa, a gama mana cikin kwana biyu. In hannunsa muke so, aska biyu ce za ta samu, ita ma sai ya nemi mataimaki. Muka yarda, ko da yake ɗayanmu ya yi ta gunaguni har gida.

Mun riƙa leƙawa bayan an tashi daga makaranta. Wajen yanka ya fi daɗewa, yana juya yadin don furen gaba da na baya su fuskanci wuri ɗaya, ya ware na riga, ya bar na 'yar ciki da wando. Wani malamin allo ne ya zo ya zana askar a kan aljihu, da tambari a ƙirjin dama da kuma baya, ba ma'auni ba kome, sai ido. Sa'an nan aka shiga bi da allura. Akwai wuraren da ake cikewa da 'yan ƙananan huji, kowane an zagaye shi da zare, har wurin ya zama kamar saƙar zuma. Tafin hannu ɗaya na irin wannan aiki yakan cinye yini. Ya ce a zamanin mahaifinsa da zaren tsamiya ake yi, wanda ake samu daga gidan wata tsutsa, amma yanzu na kanti ake saye.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne shafi, wato yadin da ake sa wa ta ciki a bakin riga. Muka ce, "Baba, wannan wa zai gani? A yi sauri mana." Ya ce, "In ya naɗe hannun riga a kafaɗa, me ke fitowa?" Ya kwashe kwana 3 a kansa. Daga nan aka kai wa masu bugu, suka ɗora ta a kan gungume suka yi ta dukanta har ta kwanta, ta ɗauki sheƙi. Ana gobe biki da magariba muka karɓo.

Da aka sa wa shugaba rigar a gaban taro, bai dubi askar ba tukuna. Ya kama bakin rigar ya juya, ya bi ɗinkin shafin da yatsa, sa'an nan ya tambaye mu wa ya yi. Ashe mahaifinsa masaƙi ne, mu ba mu sani ba. Bayan mako guda ya sa muka raka shi Ungogo, ya shiga zauren ya tuɓe takalmi ya gaishe da dattijon, suka daɗe suna hira.

Dattijon ya ajiye allura a 2023, idonsa ya yi rauni. Ɗansa ya sayi keken aiki, ciniki kuma yana tafiya. Shaddar farko kuwa ita ce labulen da ke ofishin malamai har yanzu. Ɗalibin da yake so ya ga abin da wanki ke yi wa sitaci, ya nemi izini ya shigo ya taɓa.