Tsohuwar kwamfuta da yaran Junju

Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta ratsa ƙasar Binin har ta haye gadar Malanbil zuwa Gaya, ya san cewa shekara da shekaru ta nan ne gwanjon Turai yake shigowa Nijar: tufafi, motoci, firji, talabijin, da kwamfutocin da ma'aikatun can suka gama cin moriyarsu. Kafin a rufe wannan iyaka a shekarar 2023, wani kaso na kayan yakan tsaya cikin jahar Doso. Ta haka ne wasu kwamfutoci shida suka iso wata makaranta ta yankin Junju, garin da yake arewa da Gaya cikin Dallol Mawri, ƙasar rake da giginya, wanda aka ɗaga zuwa matsayin gunduma a shekarar 2011 tare da Karakara da Zabori.

Wata ƙungiyar agaji ce ta kawo su kyauta. Aka yi taro, aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna, baƙi suka koma. Shekara ba ta zagayo ba sai da huɗu daga cikinsu suka daina tashi, saboda cutar kwamfuta da ta bi ɗan makullin ajiyar nan da ake kira kile, wanda kowa yake cirewa daga wannan na'ura ya soka a waccan. Babu takardar izinin sake zuba manhajar da suka zo da ita, babu mai gyara kusa. Sai aka lulluɓe su da tsohon zane, aka kulle ɗakin, ƙurar hunturu ta yi musu sallama.

A makarantar akwai wani malamin lissafi, mutum mai ƙarancin magana, wanda wannan ɗaki kulle yake damun sa duk lokacin da ya wuce. A zamanin ɗalibtarsa a Yamai ya taɓa riƙe wani faifai da ake aikowa kyauta ta gidan waya, mai ɗauke da wata babbar manhaja da ake kira Ubuntu. Babbar manhaja ita ce uwar gidan kwamfuta: ita take tashin na'ura, ta raba wa kowane aiki wurinsa, ta haɗa allon rubutu da abin da ido yake gani. Mafi yawan mutane sun san Windows ta kamfanin Microsoft, wadda ake sayen izinin amfani da ita ba tare da an mallake ta ba, kuma haramun ne a buɗe cikinta a gyara ko a kwafa wa maƙwabci. Zanen aro ke nan, wanda masu iya magana suka ce ba ya rufe katara.

Ubuntu kuwa daga wani gida dabam ta fito. A shekarar 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya shelanta shirin GNU, bisa aƙidar cewa mai amfani da manhaja yana da ƴanci huɗu: ya yi aiki da ita yadda yake so, ya duba yadda aka rubuta ta ya gyara, ya kwafa ya ba wani, sannan ya raba wa jama'a gyaran da ya yi. A shekarar 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar da ta rage wa wannan gini, aka sa mata suna Linux. A shekarar 2004 Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya harhaɗa wannan gado cikin sigar da ɗan koyo zai iya zubawa da kansa, ya raɗa mata wata kalma ta harsunan Zulu da Kosa mai nufin mutuntaka. Kamfaninsa ya yi ta aika faifan kyauta zuwa ko'ina a duniya har shekarar 2011.

Malamin ya roƙi makullin ɗakin daga hannun darakta a lokacin babban hutu. Ya kakkaɓe na'urorin, ya cire kayan cikin guda ɗaya da ta mutu murus ya gyara sauran da su, ya zuba musu wata siga mara nauyi ta Linux da ya kwaso daga Gaya cikin kile. Biyar suka tashi. Da faifan hasken rana biyu da batir ɗaya, ɗakin yana iya aiki awa biyu ko uku bayan la'asar. Wannan dabara ta yi rana a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, manyan garuruwan yammacin ƙasa suka shiga duhu.

Abin da ya ba abokan aikinsa mamaki shi ne, maimakon ya fara da koyar da buga wasiƙa da tsara jadawali kamar yadda aka saba, sai ya fara da wasanni. Ya zuba GCompris, tarin wasannin ilimi fiye da 100 da wani Bafaranshe, Bruno Coudoin, ya soma a shekarar 2000, wanda sunansa yake kwaikwayon kalmomin Faransanci masu nufin «na gane». Ya zuba TuxMath, inda lissafi yake faɗowa daga sama kamar tauraro mai wutsiya, yaro kuma dole ya buga amsa kafin ya faɗo ya yi ɓarna. Ya zuba Tux Paint don zane, da SuperTuxKart, tseren ƙananan motoci da yara biyu suke iya yi a kan allo ɗaya. A cikin yawancinsu akwai Tux, tsuntsun ƙasar ƙanƙara mai baƙin baya da farin ciki da aka mayar alamar Linux tun 1996, wanda yaran Junju suka yi ta gardama a kansa, wasu su ce agwagwa ce, wasu su ce hankaka ne ya yi ƙiba.

Hujjarsa mai sauƙi ce. Yaron da bai taɓa taɓa kwamfuta ba tsoronta yake ji, kuma babban da yake tsaye a kansa yana cewa «kar ka lalata» yana ƙara masa tsoron. Wasa ne yake sassauta hannu. Cikin mako biyu, yarinyar da take riƙe linzami kamar za ta kama kunama ta iya buɗe shiri, ta rufe, ta adana zanenta da sunanta. Yaron da ya shekara yana tuntuɓe a jadawalin bakwai da na takwas ya haddace su, domin abokinsa ya fi shi maki kuma ba ya son a sake. Malamin ya kuma kafa doka guda: awar farko ta ƴan mata ce, tunda su ne ake jira gida don daka da ɗiban ruwa, kuma in aka bar abin ga mai ƙarfi ba za su taɓa samun kujera ba.

Ba a jima ba magana ta kai ga iyaye. Shugaban ƙungiyarsu, wani dattijo da ya yi fataucin rake da gishirin Foga har cikin Binin, ya zo da kansa.

«Malam, karatu muka aiko ƴaƴanmu su yi ko wasa? Ga masu gidan kallo sun ishe mu, yara suna ɗaukar dala-dalar iyayensu suna kai wa ƙwallon talabijin, yanzu kuma lakkol ta shiga layi?»

«Baba, maganarku tana kan hanya. Amma ku zauna ku duba da idonku, in ya so abin da kuka yanke shi za a yi.»

Ya buɗe masa wasan awale da yake cikin GCompris, mai ramuka goma sha biyu da ƴaƴa arba'in da takwas, wanda dattijon ya sani tun zamanin fatauci. Dattijo ya gyara zama, yana nuna rami da yatsa, wata jikarsa tana matsa masa linzami. Ya cinye na'urar sau biyu a matakin farko, ta rama a mataki na gaba. Da ya tashi bai ce an yi daidai ba, bai kuma ce a rufe ba. Tambaya ya yi: «To ina tamu darar?»

Malamin ya duba bai samu ba, kuma wannan tambaya ta zauna masa a rai. Dara, wadda Zabarmawa suke kira dili, ramuka talatin ce a cikin rairayi, layi biyar na shida-shida, kowane ɗan wasa da ƴaƴa goma sha biyu, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. A fara dasawa, sannan a shiga turawa, wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin karawarsa. Babu wanda ya taɓa biyan kuɗin izini kafin ya tona ramin dara. Yaro yana koyon ta ne da tsayuwa bayan manya, ba a ɓoye masa ko da ƙa'ida ɗaya, kuma in ya je wani gari ya tarar sun ɗan sauya doka, ba wanda zai kai su ƙara. Abin da Stallman ya rubuta a takarda, masu dara na gindin bishiya sun daɗe suna aiki da shi. Bambancin kawai shi ne mutanen bakin teku sun samu wanda ya shigar da awalensu cikin GCompris, dara kuwa tana jiran nata, kuma a wannan gida ƙofar a buɗe take ga duk wanda ya iya.

Wajibi ne kuma a faɗi inda abin ya gaza, don kada a yaudari malamai. Samarin da suka saba da ƙwallon gidan kallo sun leƙo, suka ga babu FIFA babu PES, suka juya. An daɗe ana yi wa Linux gorin rashin manyan wasanni. Wani kamfani mai suna Loki ya gwada kawo mata su a ƙarshen shekarun 1990, ya karye cikin ƴan shekaru. Lamarin ya sauya bayan kamfanin Valve ya buɗe mata kasuwarsa ta Steam a 2013, ya fito da Proton a 2018, wata gada da take sa dubban wasannin Windows su yi aiki a kanta, sannan ya sayar da na'urar hannu ta Steam Deck a 2022. Sai dai duk wannan yana neman sabuwar kwamfuta mai ƙarfi, da intanet mai yalwa, da katin banki, abubuwa uku da ɗakin Junju ba shi da ko ɗaya. Wasu shahararrun wasannin, irin su Fortnite, masu su ba su yarda su yi aiki a kan Linux ba. Su kansu tsofaffin na'urori suna da wa'adi: Debian, wadda Ubuntu ta samo asali daga gare ta, ta daina fitar da cikakkiyar siga don mafi tsufansu a 2025.

Duk da haka lissafin yana bayan malamin. A ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen kulawar da ta saba yi wa Windows 10, magajiyarta kuma tana neman wani ɗan guntun tsaro da na'urori masu yawa ba su da shi. Ma'anar haka ita ce za a ƙara zubar da kwamfutoci masu lafiya, wasunsu kuma Afirka za su nufo. Ko su zama tarin shara, ko su zama ɗakin karatu, ya danganta ga abin da aka zuba musu da wanda ya iya kula da su. A ƙasar Togo ƙungiyoyi sun buɗe ɗakunan kwamfuta a makarantu da Emmabuntüs, wata sigar Linux da aka tsara musamman don tsofaffin na'urori. A Najeriya kuma, gwajin da aka yi a makarantar firamare ta Galadima kusa da Abuja a 2007, inda aka raba wa yara ƙananan kwamfutoci masu Linux, bai ɗore ba. Darasin duka biyun ɗaya ne: kawo na'ura shi ne mafi sauƙin aikin. Shi ya sa malamin ya zaɓi ɗalibai huɗu, maza biyu mata biyu, ya koya musu kwancewa da ɗaurawa da zuba manhaja, saboda ma'aikacin gwamnati baƙo ne a duk inda yake, takarda ɗaya take ɗauke shi.

Saura maganar harshe, wadda ta fi shafar malamai da ƙungiyoyin raya al'adu. Yaran Junju suna jin Hausa, da yawansu suna jin Zabarmanci ko Dandanci ko Fulatanci, amma tsuntsun da ke kan allo Faransanci yake musu. Nijar ta fara gwajin koyarwa cikin harshen gida tun 1973 a Damagaram, ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a 1999, kuma kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Doka tana ba harshe matsayi, amma ba ta zama ta fassara masa wasan yara. A manhajar kamfani sai a jira ranar da mai ita ya ga akwai riba. A manhaja mai ƴanci kalmomin suna cikin wani jeri da kowa zai iya buɗewa, ya rubuta Hausar kowace jimla kusa da ita, ya aika a haɗa. Ta wannan hanya ce masu kishin Songai da Fulatanci suka shigar da harsunansu cikin Firefox.

Malamin ya soma da littafin rubutu mai shafi ɗari. Duk kalmar da ta fito a kan allo sai ya tambayi yara yadda za su faɗe ta, su yi ta musu har a tsaya kan guda: «adana», «koma baya», «sake gwadawa», «ka ci». Ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin yana neman malaman makarantun harshe biyu da suka san ƙa'idar rubutu, da ƙungiyoyin da za su zauna su daidaita kalmomi don na Doso da na Maraɗi da na Kano su fahimci juna, da masu murya mai daɗi da za su karanta haruffa da lambobi a naɗa, da wani ɗalibin jami'a da zai zauna da dattawan dara ya rubuta ƙa'idojinta cikin harshen na'ura. Babu ɗaya cikin waɗannan da yake buƙatar izinin wani kamfani ko kuɗin wata ƙasa, kuma ƙungiyar da ta ware yammacin asabar ɗaya a wata tana iya gama fassarar wasa guda kafin damina.