Daga Ambursa zuwa Yelwan Yawuri da Keken Baba

Sa'ad da goron ɗaurin auren 'yar ƙanen mahaifinmu ya iso mana Abuja daga Yelwan Yawuri, babu wanda ya yi zaton Baba zai ce da shi za a tafi, domin tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi bai ƙara taka ƙasa ba, sai dai a tura shi bisa keken guragu; amma ya kafa mana hujja da cewa sada zumunci bai faɗi a kan wanda ya rasa ƙafa ba, matuƙar Allah ya ba shi 'ya'ya masu ƙafafu. Muka ƙidaya kanmu, har da iyayenmu mata biyu da jikoki, muka tashi mutum 11.

Jirgi yana sauke mutum ne a filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, kuma baƙo yakan zaci ya iso, alhali tsakaninsa da Yelwa akwai kusan kilomita 200. Ƙananan motocin da ke jiran fasinja a bakin filin, kowace mutum huɗu take ɗauka cikin mutunci, watau sai mun kama uku, kaya kuwa ba a ma yi zancensu ba. Hanyar da ta fi araha a zahiri ita ce a shiga gari zuwa tasha, kowa ya biya kuɗin kujerarsa, a jira mota ta cika. Amma wanda ya taɓa jinyar babban mutum ya san akwai lissafin da ba da naira ake yinsa ba, domin duk sauyin mota ɗauka biyu ce, daga kujera zuwa keke, daga keke zuwa wata kujerar, kuma dattijon da ya shekara arba'in yana ba da karatu a zaure ba ya son a tallabe shi a tsakiyar tasha, masu talla da 'yan kamasho suna kallo suna yi masa sannu.

Saboda haka, tun ana gobe za mu taso, wani ɗan'uwanmu mazaunin Birnin Kebbi ya tafi tasha, ya wuce 'yan kamasho ya nufi shugabannin direbobi kai tsaye, ya ɗauki shatar bas mai kujera 18, bisa kuɗin kujerun duka da ɗan ƙari na zuwa Ambursa. Da aka haɗa lissafi, bai kai na ƙananan motocin nan uku ba.

Kafin a ɗaga shi daga keke, Baba ya sa aka kira direban, wani Bakabe mai yawan fara'a, ya ce masa, "Yaro, ijara ba ta inganta sai an san lada an san aiki. Zo mu faɗi sharuɗɗa a gaban shaidu." Ya lissafa: mai a kan direba, ba a ɗaukar kowa a hanya, za a tsaya a Jega da Koko, aikin ya ƙare a ƙofar masauki, ba a tashar Yelwa ba, sa'an nan keken ba za a ɗaure shi da igiya a bayan mota ƙarƙashin akwatuna ba, a naɗe shi a sa shi ciki, domin idan ƙafa ɗaya ta lanƙwashe ba mu san inda za mu sami irinta a hanyar ba. Direba ya ce, "Ranka shi daɗe, ba komi, na yarda." Kujerar gaba, wadda al'ada ta ba babba, ta yi tsawo ƙwarai, sai muka zaunar da shi a layin da ke bayan direba, daidai ƙofar da ake ja, muka tokare ɓarin da ya mutu da matasai biyu.

Muka bi ta Kalgo muka sauka Jega, inda muka yi sallar kasaru, shi kuwa ya yi tasa a zaune cikin mota, an kawo masa buta da tasa. Daga Maiyama zuwa Koko barci ya kwashe yara. Sai da muka shiga ƙasar Shanga, wajen Giron Masa, Baba ya warware, ya shiga ba jikoki labarin Gungawa, mutanen tsibiran Kogin Kwara masu noman albasa, da yadda aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye gungu da gonaki da tsohuwar Busa, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka kai su sababbin matsugunai. Muka shiga Yelwa da sauran rana, wanda shi ne abin da muka ƙulla tun farko, don tafiyar dare ba abin so ba ce a wannan zamani.

Masaukin da aka kama mana yana da ɗakuna a ƙasa, amma a bakin ƙofarsa akwai matakala uku, babu gangara. An sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci tun Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara, wa'adin kuwa ya shuɗe. Ni a ganina buhun siminti biyu da magini ɗaya sun isa su sauke wannan nauyi. Sai wani mai gadi ya jawo tsohon ƙyauren katako ya kwantar bisa matakalar, muka tura keken a kai.

Bayan ɗaurin aure Baba ya ce sai ya ga Wara, hedikwatar Ngaski, inda ya yi almajirci. Direbanmu bai koma ba, yana jiran lodi, muka sake kiransa. Muka ratsa Bin Yawuri, tsohuwar fadar sarakunan ƙasar, muka gangara bakin tafkin Kainji a Wara, inda keken ya nutse cikin rairayi har sai da muka juya shi muka ja shi da baya. Masu jirage suka yi tayin tsallakar da mu, iyayenmu mata suka ƙi ƙememe, suna tuna jirgin da ya kife a nan cikin Mayun 2021 da mutane fiye da ɗari a ciki. Muka sayi busasshiyar tarwaɗa muka juyo.

Da yamma ƙanena ya so ya biya direba rabin abin da ya nema, wai ai mun riga mun zama abokan ciniki. Baba ya ji su daga ɗaki, ya ɗaga murya ya ce, "Wara ba ta cikin sharaɗin Ambursa, kuma ba ku yanka lada da safe ba. Ku ba shi abin da aka saba biya, ku ƙara masa na taya ku jan keke."