Jalingo: Duwatsun Da Ke Ƙin Shiga Hoto

Duk baƙon da ya doshi Jalingo, ko ta Numan ya biyo ko ta Wukari, abin da zai fara cika masa ido shi ne duwatsu. Garin yana zaune ne a gindin duwatsun Shebshi, ga kuma kogin Lamurde kwance a jikinsa. Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa shi cikin 1893, bayan yaƙin da ya yi da mutanen Kona, ya zama mazaunin sarautar Muri. A 1991 kuwa, da aka fid da Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola, sai aka mai da shi hedkwata.

To, amma duwatsun nan sun sha ba baƙi kunya. Mutum zai tsaya bakin hanya, ya ciro wayarsa ya ɗauki hoto don ya nuna wa na gida, da ya duba sai ya tarar dutsen da ya tokare sama ya koma kamar shuri a bakin gona. Nan take sai ya ɗora wa wayar laifi, ya ce da babbar kyamara ce da ba haka ba.

Lalle akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, sai dai ba jikin kyamara ne ke yin wannan aiki ba, gilashinta ne, watau idon nan da haske ke bi ya shiga. Gilashin yawancin wayoyi mai faɗin gani ne, misalin milimita 26 a ma'aunin fim na da, yakan kwaso fili mai yawa, abin da ke nesa kuwa ya ƙanƙance. Mai milimita 50 shi ya fi kusa da ganin ɗan Adam. Mai milimita 200 kuma yakan tsinko ɗan yanki daga nesa ya cika hoto da shi. In mai hoto ya ja da baya sosai ya saita shi, sai a ga dutse ya taso kamar ya jingina da rufin kwanon unguwa.

Duk da haka, gilashi ba ya maganin hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu kan lulluɓe duwatsun, kyamara kome tsadarta ba abin da za ta kamo sai fari fat. Lokacin da ya dace shi ne ƙarshen damina, bayan ruwa ya wanke sararin sama, da sassafe ko da la'asar sakaliya, sa'ad da rana ke bugun dutse ta gefe har kwazazzabansa su fito.

Matasan garin masu neman abinci da hoto a wuraren biki da suna ya kamata su lura da wannan kafin su ci bashin kyamara. Marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda hotunansa na kitson matan Nijeriya suka zaga duniya, da 'yar ƙaramar kyamara Brownie D ya fara a 1950. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya san inda zai tsaya da lokacin da zai fito, gilashi ɗaya mai kyau ya ishe shi ya koma gida da Jalingo kamar yadda idonsa ya gan ta.